Fassara Ba Ta Isa Ba: Batun Auna Yadda Yaron Hausa Yake Ganin Kansa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna yadda yaro yake ganin kansa ta hanyar takardar tambayoyi. Fitacciya daga ciki ita ce wadda Ellen Piers da Dale Harris suka tsara a Amurka cikin shekarun 1960, mai ɗauke da jimloli 80 da yaro zai amsa da "e" ko "a'a". Ta shafi ɗabi'a, da ƙoƙari a makaranta, da siffar jiki, da fargaba, da karɓuwa wurin tsara, da farin ciki. Duk mai son ya yi amfani da irinta a makarantun firamare na Jama'a ko Samaru ko Sabon Gari, dole ya mayar da ita Hausa. Ra'ayina shi ne, fassara kaɗai ba ta mayar da ita ma'auni ingantacce, kuma tantance ingancinta aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Hanyar da aka saba bi ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar da fassarar Ingilishi, sannan a kwatanta. Wannan hanya tana kama kuskuren kalma, amma ba ta kama saɓanin al'ada. Ɗauki jimlar da take tambayar yaro ko yana da kunya. A ma'aunin asali, amsar "e" alama ce ta rauni, tana rage maki. A wurin Bahaushe kuwa, kunya ado ce. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi. Yarinyar da ta ce tana da kunya yabon tarbiyyarta ta yi, amma takardar za ta rubuta mata naƙasu.

Haka lamarin yake ga "farin jini", wanda idan aka jingina shi ga 'ya mace yakan karkata zuwa batun masoya, da "kyau", wanda ya haɗe kyan fuska da kyan hali. Ga kuma karin maganar da yaro ya tashi yana ji, cewa yabon kai jahilci ne. Idan baƙo mai takarda ya tambaye shi ko yana da basira, ya ce "a'a", shin raina kansa ya yi, ko ladabi ya nuna?

Yankin ma ba Hausa iri ɗaya yake yi ba. Ɗan manomi a Jama'a, da ɗan malamin jami'a a Samaru, da ɗan ɗan kasuwa a Sabon Gari wanda Yarabanci ko Ibo ne harshen gidansu, kowa da yadda zai fahimci jimla guda. Idan aka kwatanta makinsu ba tare da an tabbatar cewa abu ɗaya suka amsa ba, bambancin harshe ne za a kira bambancin hali. Illar tana komawa kan yara: a yi wa mai tarbiyya tambarin rashin yarda da kai, a kuma tsallake wanda yake cikin damuwa ta gaske.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta haɗa Tsangayar Ilimi da Sashen Harsuna da Al'adun Afirka a harabar Samaru. Abin da ya kamata shi ne su yi aikin tare tun daga tushe. A fara da sauraron yara, a tattara kalmomin da suke siffanta kansu da su. A karanta wa kowane rukuni jimlolin, a ce su faɗi abin da suka gane da bakinsu. A sake gwajin bayan makonni don ganin ko amsa ta tsaya, sannan masana ƙididdiga su duba ko sassan nan shida sun fito a amsoshin yaranmu. Idan ladabi ko biyayya ga iyaye suka fito a matsayin sashe mai zaman kansa, a ba su gurbinsu a ma'aunin, ko da babu su a na Amurka.