Kukan Jariri Ma Abin Karatu Ne

Idan aka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama in sun bar makarantar nan, amsar ba ta wuce uku: likita, injiniya, ko lauya. Ni kuwa ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, zuwa ga wani fanni da ba a cika ambatarsa ba, watau binciken yadda jariri yake shaƙuwa da mai renonsa. Na san wani zai yi dariya ya ce, ashe reno ma sai an je jami'a? To, a yi haƙuri a ji labarin wata mata tukuna.

Sunanta Mary Ainsworth. An haife ta a Amurka a 1913, ta girma a Kanada, ta yi digirin digirgir a kan ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Toronto a 1939. A 1950 ta koma Landan, inda ta kama aiki da wani likita Bature mai suna John Bowlby. Shi wannan likita shi ne ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 game da yaran da suka tashi babu iyaye. Ra'ayinsa shi ne, jariri yana bukatar mutum tsayayye wanda zai jingina da shi kamar yadda yake bukatar abinci, kuma raba shi da wannan mutum yana barin tabo a zuciya. A lokacin masana da yawa suna ganin nono ne kawai ya haɗa ɗa da uwa, watau in ciki ya cika shi ke nan.

Abin da ya burge ni shi ne inda wannan mata ta je neman hujja. Nan Afirka ta zo. A 1954 tana ƙasar Uganda, ta riƙa shiga ƙauyukan da ke kewayen Kampala ita da tafinta, tana ziyartar gidaje 26, kowane gida bayan mako biyu, har tsawon watanni. Kayan aikinta ido ne da kunne da littafin rubutu. Ta lura cewa yaron da ya amince da uwarsa yakan rarrafa ya tafi wasa, ya waigo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. In abu ya tsorata shi ya dawo gindinta. Uwar ta zame masa kamar tashar da yake fita yana komowa. Littafin da ta rubuta a kan wannan aiki bai fito ba sai 1967, shekara goma sha uku bayan ta fara. Mai gaggawa dai ba zai iya wannan sana'a ba.

Da ta koma Amurka, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ta maimaita binciken da gidajen Turawa, ta kuma ƙirƙiro wani gwaji na kamar minti 20. A sa ɗan shekara ɗaya a ɗakin da bai sani ba, uwarsa ta fita ta dawo, a duba yadda zai tarbe ta. Ita da abokiyar aikinta sun kuma tarar a 1972 cewa jariran da ake hanzarin ɗauka in sun yi kuka a watannin farko, su ne kukansu ya ragu a ƙarshen shekara. Masu cewa ɗaukar jariri yana sangarta shi sai su yi wa wannan nazari.

Mu ma an zo gidajenmu. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun buga sakamakon nazarin da suka yi wa jarirai 18 na Hausawa a Nijeriya. Sun ga cewa jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutane da dama a cikin gida, amma duk da haka akwai guda wanda ya fi nema in ya shiga damuwa, galibi wanda ya fi ɗaukarsa. Wannan kowace tsohuwa ta san shi. Goyo, da kwana tare da uwa, da yawan hannaye a tsakar gida, kaka da gwaggo da yaya, duk arziki ne da muke da shi, kuma bai kamata mu yar da shi don kwaikwayon wasu ba.

Sai dai akwai al'adar da nake ganin ya kamata iyayenmu su sake dubawa, ita ce yaye na dare ɗaya. Yaro yana tare da uwarsa dare da rana kusan shekara biyu, ranar nan a shafa wa nono maɗaci, a ɗauke shi a kai shi wani gari wurin dangin da bai taɓa gani sosai ba. Ya rasa nono, ya rasa baya, ya rasa uwa, duk a wuni guda. Ya yi kwana biyu ko uku yana kuka, sa'an nan ya yi shiru, a ce ai ya dangana. Bowlby da abokin aikinsa James Robertson sun ga irin wannan shiru a wurin yaran da aka kwantar a asibitocin Ingila aka hana iyayensu zama da su, suka bayyana cewa bayan kukan ƙin yarda, fid da rai ne yake biyowa. Robertson ya ɗauki hoton majigi na wata yarinya 'yar shekara biyu a asibiti a 1952, kuma aikinsu ya taimaka aka sassauta dokokin ziyarar yara a can.

Ban ce kai yaro wurin kaka laifi ba ne. In kakar tana cikin masu goyonsa tun farko, ai gida ya koma. Abin da nake roƙo shi ne a rage nono sannu a hankali, a bar yaro ya saba da inda za shi, uwa kuma ta riƙa leƙawa. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane. Shin yaron yana samun abin da ya rasa a wurin kaka ko mariƙiya? Yaya abin yake a birni, inda amarya take zaune ita da mijinta kaɗai a gidan haya, babu kaka babu gwaggo? Baƙo mai tafinta zai sha wuya kafin a buɗe masa ciki a kan irin wannan magana. 'Yar gida kuwa, wadda ta san abin da ake nufi da kunya, za a bar ta ta shiga har ƙuryar ɗaki ta zauna a kan tabarma.

Shi ya sa nake cewa wasu daga cikinmu su nufi wannan fanni. Jami'o'in Jos da Ibadan da Nsukka duk suna koyar da ilmin halayyar ɗan Adam, ana kuma iya shiga ta ƙofar likitancin yara, ko aikin jinya, ko ilmin tarbiyya. Hanyar doguwa ce, digiri bayan digiri, kuma albashin malamin jami'a bai kai na ɗan kasuwa ba. Amma wanda yake da ƙane ko ƙanwa na goye a gida yana iya farawa a hutun nan: ya sayi littafi mai shafi arba'in, ya riƙa rubuta wurin wanda yaron yake gudu in baƙo ya yi sallama.