Mai Ciki Amana Ce a Wuyan Mijinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san yadda matashin magidanci yake yini. Da sassafe ya fita Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, ba ya dawowa sai bayan Isha'i. Kafin ya shiga gida ya tsaya teburin mai shayi, ya ci tsire a majalisa. Matarsa kuwa, da cikin wata shida, tana ɗaki guda a gidan haya, ba ta taka ko'ina ba. Abin da ya ajiye mata shi ne taliya, burodi da lemon kwalba, yana ganin ya gama mata gata.

A wani gidan kuma akasin haka ake yi. Tsofaffi su hana ta ƙwai da nama, su ce ta rage ci don kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Duka biyun jahilci ne, kuma duka biyun suna kai mace ga halaka. Ƙiba mai yawa tana jawo ciwon suga na masu ciki da hawan jini, shi kuma hawan jini yana iya kaiwa ga jijjiga. Rashin abinci mai gina jiki yana jawo ƙarancin jini, ranar haihuwa ta zubar da kaɗan ta galabaita.

Masana lafiya sun ƙayyade abin. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin. Mai ƙiba sosai kilo 5 zuwa 9, ramammiya kuma kilo 12.5 zuwa 18. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ce a je awo sau 8, a sha maganin ƙarin jini kullum. A 2020 kuma ta ce mai ciki mai lafiya ta motsa jiki minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa sau biyar. Hukumar ce dai ta ƙiyasta cewa a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Babu shakka mahukuntan da suka bar asibitocin talakawa suka lalace suna da babban kaso na wannan jini. Amma zaluncin mahukunta ba ya sauke wa miji nauyinsa. Shari'a ta ɗora masa ciyarwa, kuma ciyarwa ba cika ciki ba ce kawai. Wake, gyaɗa, zogale, alayyahu, ƙwai, kifi da fura da nono duk suna nan a Kasuwar Sabon Gari, wasunsu ba su kai kuɗin tsiren dare ɗaya ba.

Tsare mutuncin iyali ma ba hujja ba ne na barin mace zaune wata tara. Manzon Allah (S) ya yi tseren gudu da matarsa A'isha. Mene ne aibi idan ɗan'uwa ya fita da iyalinsa cikin hijabinta bayan La'asar suka taka a unguwa, ko ya raka ta ziyara da ƙafa? In likita ya hana ta, ko ta ga jini, jiri ko kumburin fuska, sai a nufi asibiti nan take. Azumi kuwa, Musulunci ya yi mata rangwame idan ana jin tsoron cutuwarta ko ta abin da ke cikinta.

Matashin da ke da'awar tsayar da adalci a bayan ƙasa, to ya fara da ɗakinsa. Yau bayan an sauko daga Juma'a ya karɓi katin awon matarsa ya duba nauyinta da awon jininta, ya san ranar komawa, ya ware kuɗin mota. Allah zai tambaye shi wannan amana.