Kare ba ya shan giya

A gidajen abinci na Faransa akwai wata al'ada da ta daɗe tana cin kuɗin mutane, wani lokaci ma har da rayukansu. Mutum biyu za su zauna cin abinci, su sayi kwalbar giyar inabi guda, su sha rabi, ciki ya cika. Kwalbar tasu ce, sun biya kuɗinta, sau da yawa ninkin ba ninkin abin da ake sayar da ita a kanti. Amma idan an zo tashi, ba mai iya buɗe baki ya ce a toshe masa ita ya tafi da abinsa gida. Ko dai su bar ta a kan teburi kamar ba su san zafin nema ba, ko su daure su ƙarasa ta da ƙarfin tsiya don kada kuɗinsu ya tafi a banza. Wannan ne ake kira tarbiyya.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram yana iya cewa ina ruwan Musulmi da ragowar giyar nasara. Hukuncin giya a addini sananne ne, kuma ba shi ake neman taɓawa ba. Sai dai motar da mashayi ke tuƙawa ba ta tambayar wanda ta kaɗe ko ya taɓa kurɓa, kuma a titunan Pari da Liyon akwai ɗaliban Nijar da ƴan ci-rani masu komawa gida da dare.

A yi lissafi. Kwalbar giyar inabi santilita 75 ce, wato kofi 6 zuwa 7 irin na gidan abinci. Tun 1995 dokar Faransa ta hana tuƙi ga wanda barasar jininsa ta kai giram 0,5 a kowace lita, kuma kofi biyu kan kai mutum bakin wannan iyaka. Ashe ke nan mutum biyun da suka ƙarar da kwalba guda, kowannensu ya sha kofi uku ko fiye, ya zarce haddi tun kafin ya taɓa makullin mota. Kofi na ukun nan kuwa ba ƙishirwa ce ta sa aka sha shi ba, kuma ba daɗi ba ne: ƙyashin barin abin da aka biya ne ya haɗu da kunyar ɗauka. A ƙasar da barasa ke da hannu a kusan kashi 30 cikin 100 na mutuwar hatsarin mota, kunya irin wannan ta fi ƙarfin a kira ta ladabi.

Amurkawa sun riga su ganewa. A jihar Niyok, tun 2004 doka ta yarda wanda ya ci abinci ya tafi da ragowar kwalbarsa, muddin an toshe ta, an sa ta cikin leda mai liƙi, an haɗa da takardar biyan kuɗi. Faransa kuwa, uwar giyar inabi, sai da ta jira dokar abinci da noma ta Oktoba 2018, wadda ta wajabta wa gidajen abinci, daga 1 ga Yuli 2021, su ba duk wanda ya nema mazubin tafiya da ragowar abinci ko abin sha. Majalisa guda ta zauna don ta ba balagagge izinin ɗaukar abin da ya saya da kuɗinsa!

Sunan mazubin kansa ya isa abin dariya. Amurkawa suna kiransa jakar kare, domin mai ɗauka ya fake da cewa ragowar naman ta karensa ce. Faransawa suka ga sunan ya yi musu ƙasƙanci, sai a 2014 hukumar noma ta yankin Liyon ta raɗa masa wani sabo, wai jakar masu sanin daɗin abinci. Duk wannan kewaye-kewaye don kada a ce wane yana cin kwanan abinci. To, ga nama ƙaryar tana iya shiga. Ga kwalba kuwa ba ta da mafaka, tunda kare ba ya shan giya. Mai ɗaukar kwalba dole ya yarda shi ne zai sha gobe, kuma nan ne girman kai ke tsaye.

Masu kare tsohuwar al'ada suna cewa giyar da aka buɗe tana lalacewa. Ba a dare ɗaya ba: idan an toshe ta, an ajiye a wuri mai sanyi, tana kai kwana biyu ko uku. Wasu suna cewa fita da kwalba a hannu yana zubar da ƙimar wurin. Ƙimar da ba ta tsayuwa sai an yi asara, ta mai gidan abinci ce, ba ta mai saye ba.

Abin takaici shi ne yadda wannan kunya ta ƙetare teku ta sauka a Yamai, ko da babu giya a ciki. A ƙasar Hausa tuwon da ya kwana sunansa ɗumame, kuma ba a raina wanda ya karya kumallo da shi. Matar da ta je suna tana dawowa da ƙullin abinci don yara, ba wanda ya ce ta yi abin kunya. Amma ɗan bokon da ya koyi riƙe cokali mai yatsu a littafin makaranta, sai ya bar rabin kaza da rabin kwalbar lemo a gidan abinci, ya yi wa mai neman leda kallon baƙauye. Ya gaji ɗabi'ar da masu ita suka kafa doka don su rabu da ita.

Dokar Faransa ma ta bar gyambon a rufe, domin cewa ta yi a ba wanda ya nema. Mai kunya kuwa ba ya nema. Mai hidimar teburi ne ya kamata, idan ya ga kwalba da saura, ya mayar mata da murfinta ba tare da an roƙe shi ba, ya ajiye ta kusa da takardar kuɗi, kamar yadda yake mayar da canji.