Waƙa ba ta jiran ubangida



Akwai wata magana da ke yawo bakin samarinmu masu son waƙa, daga fadojin Tawa har Abalak: wai ba a waƙa sai da babban sitidiyo, sai da kuɗin mota zuwa Yamai ko Kano, sai da wani Alhaji da zai ɗauki nauyi. Mu dai ba mu yarda ba.

Turawa na da wani kiɗa da suke kira pank, wanda ya tashi a Amurka da Ingila wajajen 1976. Samari ne marasa ko dala, wasu ma ba su ida koyon gita ba, sunka ce ba su jiran kamfani. Su yi kiɗansu cikin garaji, su buga faifansu da kansu, su yi wa manya ba'a. Wasu da ihu suke yi, wasu kuwa cikin raha da kwanciyar hankali, kamar mai ba ka labari bakin shayi. To, wanga hali ba baƙo ba ne a jihar Tawa.

Ku dubi Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan. Gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su a 2008, kuma babu kamfanin da ya yi musu talla. Daga salula zuwa salula sunka bi, ta Bluetooth da kart memuwar, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya ya sa ta cikin faifai a 2011. Daga baya kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Mai kaɗa masa gitar bas, Mikey Coltun, cikin masu pank na Washinton ya tashi. Su can, da sunka ji shi, ɗan'uwa sunka gani.

Ga kuma Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye na ƙasar Abalak. Fatou Seidi Ghali da gitar ɗan'uwanta ta koya. Faifansu na 2016 a fili anka ɗauke shi, can ƙauye: gita a hankali, muryoyi, tafi, da tende, wato turmin da anka ɗaure wa fata. Wanga sauti mai sanyi, da wani zai ce bai kai a sa shi radiyo ba, shi ya kai su Turai da Amurka.

Raha kuwa, wa zai koya muna ita? Ƙasarmu ce inda Bagobiri ke tsokanar Bazabarme, Ba'are ya tsokani Bafillace, a yi dariya a watse ba faɗa. A 2014 UNESCO ta sa wanga wasan taubasai na Nijar cikin kayan gadon duniya. Muna da 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai su maida shi kirarin tuwo. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, da zarar yaro ya kama mikro sai duk wagga raha ta ɓace. Sai kukan soyayya da murya ta na'ura, ko kirarin mai kuɗi. Ina waƙar ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan da ƙatuwar akwati, ciki babu sai radiyo? Ina ta ɗan kabu-kabu da ya san gidan kowa amma ba ya da canji? Ina ta wutar da ke ɗaukewa daidai lokacin da za a buga fenariti?

Wani zai ce: da tsadar hatsi da rashin tsaro a arewacin jiha, lokacin dariya ne? Awo, lokacinta ne ma. Maroƙi ba ya iya faɗa wa mai ba shi riga gaskiya. Wanda bai ci na kowa ba, yana iya cusa gaskiya cikin ba'a, wanda anka nufa ya yi dariya, dare ya yi ya kasa barci.

Amma hwa kada a juya muna magana. Sauƙi ba ganganci ba ne. A ɗaure gita daidai, a nemi wuri maras hayaniya, kalmomi su fito sarai. Zagi da batsa ba raha ba ne, kuma ba su shiga radiyo.

Saura namu, mu masu sauraro da masu gabatarwa. Gidajen radiyo su keɓe fili ga waƙoƙin yaran jiha ko da da salula anka ɗauke su. MJC ta buɗe musu ƙofa. Garin da gasar Prix Dan Gourmou ke ɗauke da sunan mawaƙinsa bai kamata ya jira Amurka ta nuna masa ɗiyansa ba. Kuma a tuna, Bluetooth na yaɗa suna amma ba ya cika tukunya. In yaran unguwa sunka shirya wasa, a biya ƙofa, ko ɗari biyar ce.

Ku kuma, wane yaro kunka sani a unguwarku mai waƙar da ta sa ku dariya? Ku ce ya aiko muna.