Tauraro biyar na Suzuki Dzire: wace mota ce ta ci jarrabawar, wacce kuma ake sayarwa a Afirka?

A watan Nuwamban 2024, ƙungiyar Global NCAP mai gwada ƙarfin motoci a lokacin haɗari ta bai wa sabuwar Suzuki Dzire tauraro biyar wajen kare manyan fasinjoji, da tauraro huɗu wajen kare yara. Wannan ne karo na farko da wata mota ta kamfanin Maruti Suzuki na Indiya ta samu cikakken sakamako a gwajin ƙungiyar. A lokaci guda kuma aka fitar da sakamakon tsohuwar Dzire, wadda sabuwar ta gada: tauraro biyu ga manya, biyu ga yara.

Labarin ya shafi yankinmu kai tsaye. Dzire ƙaramar mota ce mai but a baya, tsawonta bai kai mita huɗu ba, ba ta shan mai sosai. Daga Indiya ake shigo da ita Afirka, inda kamfanin CFAO ke dillancin Suzuki a ƙasashe da dama. A birane irin su Abijan da Akra da Dakar, ƙananan motocin Suzuki ƙirar Indiya sun cika tituna a matsayin tasi da ake kira ta wayar salula. Abin lura shi ne motoci biyu masu suna ɗaya sun samu sakamako mabambanta, kuma mai saye ba zai gane bambancin daga sunan da ke jikin but ba.

Yadda ake gwajin

Ana ɗaure mutum-mutumi masu na'urorin awo a kujeru: manya biyu a gaba, da na yara biyu a baya, ɗaya mai kwatankwacin wata 18, ɗaya shekara uku. Sai a tura motar da gudun kilomita 64 a awa ta daki shinge da kashi 40 cikin ɗari na gabanta, ta ɓangaren direba, kamar yadda yake faruwa idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama wajen wuce wata. Tun daga tsakiyar 2022 aka tsaurara ƙa'idojin. Yanzu ana dukan motar ta gefe da gudun kilomita 50, ana kuma buga gefenta da turken ƙarfe da gudun kilomita 29, wato kwatankwacin mota ta ƙwace ta daki bishiya ko turken wutar lantarki. Ana duba ko tana da na'urar ESC mai hana mota zamewa a kwana.

Sabuwar Dzire ta samu maki 31 da ɗoriya cikin 34 a ɓangaren manya. Tana da jakunkunan iska shida, waɗanda ke kumbura su tare mutum a lokacin karo, da ESC, da bel mai ratsa ƙirji a duk kujerunta biyar. Ƙwarangwal ɗinta ya tsaya daram bayan karon. Tsohuwar kuwa jakunkunan iska biyu ne gare ta, duka a gaba, ba abin da ke kare kai idan duka ya zo ta gefe.

Suna ɗaya, kaya daban

Kamfanonin motoci sun daɗe suna ƙera mota ɗaya da kayan kariya daban-daban, gwargwadon abin da dokar kowace kasuwa ta tilasta. Suzuki S-Presso misali ce. A 2020 wadda ake sayarwa a Indiya, mai jakar iska ɗaya, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2022 wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu, mai jaka biyu, ta samu uku. A ƙarshen shekarar, da aka sake gwada ta da sabbin ƙa'idoji, sai ta tashi da ɗaya.

Shirin gwajin motocin Afirka, wanda Global NCAP ta fara a 2017 tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu, ya bankaɗo abin da ya fi haka muni. A 2018 motar a-kori-kura Nissan NP300 Hardbody ta samu sifiri duk da tana da jakunkunan iska biyu, domin ƙwarangwal ɗinta ya rufta. Jakar iska ba ta da amfani idan ɗakin da mutum ke zaune a ciki ya murƙushe.

Saboda haka tauraro biyar ɗin na Dzire ɗin da aka gwada ne, wato sabon samfurin da ya shiga kasuwar Indiya a ƙarshen 2024 da jakunkuna shida. Tsofaffin da aka shigo da su kafin lokacin za su ci gaba da aiki shekaru masu yawa, suna canza hannu daga mai tasi zuwa wani, su gangaro har Garwa da Injamena da Yamai. Mai saye na iya tantancewa da idonsa: ya duba shekarar ƙira a takardun motar, ya ƙirga wuraren da aka rubuta alamar jakar iska a sitiyari da gaban fasinja da gefen kujeru da ginshiƙan rufi, ya kuma kunna motar ya ga ko fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. Idan ta ƙi kamawa, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana.

Iyakar abin da tauraro ke nufi

Gwajin gaba yana kwatanta karo ne da mota mai nauyi iri ɗaya. Dzire ba ta kai tan ɗaya ba, don haka sakamakon bai ce komai ba game da haɗuwarta da tankar mai ko tirela a hanyar Dosso zuwa Gaya ko ta Garwa zuwa Ngaundere. Gudu ma yana sauya lissafin. Ƙarfin karo yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: mota mai gudun kilomita 100 tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na gwajin sau biyu da rabi.

Sannan duk mutum-mutumin da ke cikin gwajin a ɗaure suke da bel, yaran kuma suna cikin kujerunsu na musamman. Tasin da ya ɗauki mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, ga jariri a cinya, ya fita daga yanayin da aka auna. Jakar iska an ƙera ta ne ta yi aiki tare da bel. Ga wanda bai ɗaura ba, ko yaron da ke gaba, ita kanta tana iya yi masa rauni.

Ƙwallon na hannun gwamnatoci

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen a yankin Afirka suka faru, alhali kashi uku cikin ɗari ne kawai na motocin duniya ke yankin. Rahoton hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce motocin gwanjo miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Da yawa daga cikin waɗanda ke sauka a tashoshin Kwatano da Lome da Duwala sun tsufa, wasu sun taɓa yin haɗari an gyara su, ba a mayar musu da jakunkunan iskar da suka fashe ba.

Indiya ba ta kai ga Dzire mai tauraro biyar da roƙon kamfanoni ba. Gwaje-gwajen da aka fara wallafawa a 2014 sun kunyata masu ƙera motoci, gwamnati ta wajabta gwajin karo da jakunkunan iska na gaba, sannan ta kafa nata shirin, Bharat NCAP, a 2023. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan karon gaba da na gefe, masu lamba 94 da 95, suna nan a rubuce, kowace ƙasa na iya sanya su cikin sharuɗɗan shigo da mota. Matuƙar kwastan a Nijar da Chadi da Kamaru sun fi duba kuɗin fito fiye da kayan kariyar da ke cikin mota, dillali ne zai ci gaba da zaɓar wace Dzire za ta iso, mai jaka shida ko mai biyu.