Dillancin gida ba ɗaukar hoto ba ne

Yau maganarmu kan dillancin gidaje da filaye ce a nan Koira Kano, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Duk fadar da ka zauna yanzu sai ka tarar da sabon dillali. Salula ɗaya, babur ɗaya, ya ɗauki hoton bila ya watsa a WhatsApp, shi ke nan ya zama "demarsha". Ya karɓi kuɗin gani, ya kai ka gidan da bai san mai shi ba. To wallahi wannan ba sana'a ba ce.

Wasu sun ce a hana duk wanda ba shi da takardar izini kusantar harkar. Mu ba mu yarda ba. Dattawan da suka daɗe suna saye da sayar da gidaje a Yamai, galibinsu a bayan wani suka koya: riƙe jaka, kai saƙo, zama a yi shiru ana ciniki. Takardar izini ba ta koya wa mutum gane filin da aka sayar wa mutum biyu.

Abin da ake koyo a bayan ubangida shi ne bambancin takardu. Shaidar gargajiya ta mai gari daban, "acte de cession" da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa daban, "titre foncier" kuma shi ne mai ƙarfi duka. A can ne ake koyon zuwa kadastar a duba lambar fili, da kai ciniki gaban notar, da tambayar ko magada duka sun amince. A can ake sanin cewa dajin "Ceinture verte" da aka fara dasawa tun 1965 ba wurin yanka filaye ba ne, kuma bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gidaje a Saga da Lamorde, ba a sayen fili sai an tambayi inda ruwa ke bi da damina. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Amma fa ku ma iyayen gida, da sauranku. Yaro ya yi wata biyu yana yawo cikin rana, ya samo mai saye, a ƙulla ciniki na miliyoyin sefa, a sallame shi da jika biyu na mai. Mafi muni, a sa shi karɓar kuɗin kafin alƙalami ko ya sa hannu a takarda. Ranar da rigima ta tashi, shi ake kirawo komisariya, ubangida ya ce bai san zancen ba. Haka ake korar yara su koma dillancin salula.

Don haka kiranmu uku ne. Matasa, ku nemi dattijo mai suna mai kyau ku bi shi, kar ku taɓa kuɗin mutane, kar ku sa hannu a madadin kowa. Iyayen gida, a yanka wa yaro kasonsa na la'ada tun farko, gaban shaidu, a kuma nuna masa takardu. Masu saye, ku tambayi kowane dillali: wa ya koya maka? In ya rasa amsa, ku riƙe kuɗinku.

Wanda ya ga ba daidai muka faɗa ba, fili a buɗe yake. Allah ya ba mu halal, ya raba mu da cin haƙƙin wani.