Tara safa ba ya maganin sanyin ƙafa a kan keke

Mai karatu, idan kana fita da keke da asuba a Disamba da Janairu, ko kana da yaron da ke hawa zuwa makaranta, ka san inda hunturu ke fara cizo: yatsun ƙafa. A gari irin Jos, inda sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 12, mutum kan isa inda za shi bai ma san yana da yatsu ba.

Dalilin shi ne, da jiki ya ji sanyi sai ya tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa domin ya adana ɗumi a ƙirji da ciki. Ga shi cinya ce ke aikin tuƙi, tafin ƙafa yana kan feda kawai, iska na dukansa.

A nan ne nake ganin da yawa muna kuskure. Sai a cusa safa biyu ko uku cikin takalmin da dama ya yi cif-cif. Matsin yana rage gudun jinin da ke kawo ɗumin, ƙafa ta ƙara sandarewa. Safa ɗaya mai kauri, ta ulu in da hali, cikin takalmi rufaffe wanda yatsu ke iya motsi a ciki, ta fi. Auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa saurin sanyi gare ta, don haka a riƙe wata busasshiyar safa ta canji. Silifas dai a bar shi a gida. A sa hula da rigar sanyi, domin in ƙirji ya ɗumama jiki ba ya rowar jini. Idan yatsu suka fara mutuwa a hanya, a sauka a tura keken na 'yan mintuna.

Jan kunnena ya fi yawa ga mai ciwon suga. Cutar kan lalata jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji zafi, sai mutum ya dawo ya miƙa ta gaban kaskon garwashi ta ƙone bai sani ba, ƙunar kuma ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa, a fara gwada shi da gwiwar hannu. A tsane ƙafar sosai, a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Yatsan da ya yi fari ko baƙi, ko ya ƙi farfaɗowa bayan an ɗumama shi, a kai shi asibiti a ranar.